ASHTON EATON, GWANIN WASANNI GOMA: TARIHINSA DA ABIN DA YARAN SABO ZA SU ƊAUKA A CIKI



Bahaushe ya ce taura biyu ba ta taunuwa. To akwai wata gasa a duniyar wasanni da aka gina ta kacokan a kan taunar taura goma cikin kwana 2. Turawa na kiranta dikatalon, mu kuwa sai mu ce gasar wasanni goma. Mutum ɗaya ne zai yi gudu, ya yi tsalle, ya yi jifa, har iri goma, ana tara masa maki. Wanda ya ci ta a Olamfik shi ake yi wa laƙabi da gwarzon 'yan wasan duniya, ko da akwai waɗanda suka fi shi suna da kuɗi.

Tarihinmu na yau na wani Ba'amurke ne mai suna Ashton Eaton, wanda ya riƙe wannan kambu daga 2012 har ya ajiye takalmi a farkon 2017. Dalili biyu ne suka sa muka zaɓo shi. Na farko, ɗan talaka ne da mahaifiyarsa ta raina ita kaɗai a wani ƙaramin gari, kuma har ya kusa gama sakandare bai taɓa jin sunan gasar da ta ɗaukaka shi ba. Na biyu, mu a nan Sabo filin wasa na Adamasingba yana bakin ƙofarmu, amma in ka yi wa yaranmu zancen wasa, ƙwallo kaɗai suka sani.

YADDA GASAR TAKE

A rana ta farko ana fara wa da tseren mita 100. Daga nan sai dogon tsalle, wanda ake dira cikin ramin yashi. Sai jifan dalma, wato wani dunƙulen ƙarfe mai nauyin kilo 7.26 da ake tunkuɗawa daga wuya. Sai tsallen sama. A rufe ranar da tseren mita 400, zagaye ɗaya na fili, wanda masu gudu ke cewa ya fi kowane tsere cin rai.

Washegari da safe, jiki duk ya yi tsami, za a tashi da tseren mita 110 na tsallake shingaye guda 10, kowane shinge ya ɗan haura mita 1 a tsayi. Sai jifan faifai mai kilo 2, sai tsalle da doguwar sanda, sai jifan mashi mai giram 800. Ƙarshen tika-tika shi ne tseren mita 1,500.

Ba wanda ya fi cin wasanni da yawa ne ke lashe gasar ba. Akwai jadawali da ke mayar da kowane sakamako zuwa maki. Misali, wanda ya yi dogon tsalle na mita 7.76 yana da maki 1,000. Wanda ya haɗa maki 8,000 a duka goman ya shiga sahun manya na duniya. Maki 9,000 kuwa, mutanen da suka taɓa kai wa ba su cika yatsun hannu biyu ba.

Wahalar abin ita ce wasannin ba sa jituwa da juna. Mai jifan dalma yana bukatar ƙiba da ƙarfin ƙirji, mai tsallen sama yana bukatar jiki marar nauyi. Mai tseren mita 100 ƙarfinsa na sakan 10 ne, mai mita 1,500 sai ya yi numfashin minti 4 da ɗoriya. Duk abin da ka ƙara wa ɗaya, ka rage wa ɗaya. Kuma wanda ya kasa tsallake ko da mataki ɗaya a tsallen sanda, maki sifili zai tashi da shi a wannan wasa, aikin shekara 4 ya bi ruwa.

Tana da ƙanwa, gasar wasanni bakwai, wadda ake kira heftatalon. Iri biyu ce. Maza na yin tasu a rufaffen fili lokacin hunturu: mita 60, dogon tsalle, jifan dalma, tsallen sama, mita 60 na shingaye, tsallen sanda, da mita 1,000. Mata kuwa suna yin tasu a buɗaɗɗen fili, kuma tun 1984 take cikin Olamfik. Eaton ya mallaki ta goma da ta bakwai a lokaci guda.

WAƊANDA SUKA SHARE FAGE

Tushen abin tsoho ne. Girkawan da sun shigar da gasar wasanni biyar cikin Olamfik ɗinsu tun shekara 708 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam. Amma gasar goma irin ta yau ta fara ne a Olamfik na 1912 a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin.

Wanda ya fara cin ta shi ne Jim Thorpe, ɗan ƙabilar Sac da Fox, cikin mutanen asalin Amurka da Turawa suka tarar a ƙasar. Ya ci gasar biyar, ya ci ta goma, ya bai wa na biyunsa tazarar maki kusan 700. An ruwaito cewa Sarki Gustav na Biyar, da zai miƙa masa kyauta, ya ce masa shi ne gwarzon 'yan wasan duniya. Daga nan laƙabin ya samo asali.

Murnar ba ta daɗe ba. A 1913 wata jarida ta bankaɗo cewa ya taɓa karɓar 'yan kuɗi kaɗan yana buga wasan besbol, alhali dokar wancan zamani ta hana wanda ya taɓa cin kuɗin wasa shiga Olamfik. Aka ƙwace lambobinsa, duk da cewa wa'adin kwana 30 na shigar da ƙorafi ya wuce da watanni. Ya rasu a 1953 cikin talauci. Sai a 1982 kwamitin Olamfik ya amince a mayar masa da matsayinsa, aka bai wa 'ya'yansa lambobin a 1983, kuma sai a watan Yulin 2022 aka rubuta sunansa a matsayin zakara shi kaɗai, shekara 110 bayan gasar. Gaskiya dokin ƙarfe ce, amma wani lokaci takan iso bayan an binne mai ita.

Bayansa an yi Bob Mathias, wanda ya ci a 1948 yana ɗan shekara 17, ya sake ci a 1952. An yi Milt Campbell, baƙar fata na farko da ya ci, a 1956. A 1960, shekarar da Najeriya ta sami 'yanci, aka yi karon da har yau ake zancensa a birnin Rum, tsakanin Rafer Johnson na Amurka da C.K. Yang na Taiwan. Jami'arsu ɗaya, kocinsu ɗaya, abokan juna ne. Maki 58 ne kawai suka raba su, Johnson ya ci.

Akwai kuma wanda ya kamata mu mazauna ƙasar Yarbawa mu san shi. Duniya ta san shi da Daley Thompson, amma Daley gutsuren sunansa ne na Yarbanci, Ayodele, ma'ana farin ciki ya zo gida. An haife shi a Landan a 1958, mahaifinsa ɗan Najeriya, mahaifiyarsa 'yar Sikotland. Burinsa na yarinta shi ne ƙwallon ƙafa, irin na yaranmu. Kocinsa ne ya sa shi gwada gasar goma a 1975. Ya ci zinare a Mosko a 1980, ya sake ci a Los Angeles a 1984, ya kafa tarihin duniya sau 4, ya shafe kusan shekara 9 ba wanda ya kayar da shi. Tutar Birtaniya ya ɗaga, amma jinin na nan ne.

Sai Dan O'Brien na Amurka, wanda labarinsa ya nuna haɗarin tsallen sanda. A 1992 kowa ya sa ran shi zai ci Olamfik na Basalona, sai ya kasa tsallake matakin farko a gasar zaɓen 'yan wasan ƙasarsu, bai ma samu zuwa ba. Bai karaya ba. A watan Satumba na wannan shekara ya kafa tarihin duniya da maki 8,891, sannan ya ci zinare a Atlanta a 1996. A 2001 Roman Sebrle na Jamhuriyar Cek ya zama mutum na farko da ya haura 9,000, da maki 9,026. Wannan adadi shi ne dutsen da Eaton ya tarar a gabansa.

YARON LA PINE

An haifi Ashton Eaton ranar 21 ga Janairu, 1988, a birnin Portland na jihar Oregon. Mahaifinsa baƙar fata ne, mahaifiyarsa Roslyn farar fata. Yana ɗan shekara 2 iyayen suka rabu, uwar ta ɗauke shi zuwa La Pine, wani ɗan ƙaramin gari a tsakiyar daji, daga baya suka koma garin Bend. Aiki fiye da ɗaya take yi don ta ciyar da shi, kuma duk da haka takan kai shi wurin atisaye.

Ba wasa ɗaya ya tsaya a kai ba yana yaro. Ya buga ƙwallon ƙafa, ya buga ƙwallon kwando da ƙwallon Amurkawa, ya yi kokawa, ya kai matakin baƙar ɗamara a wasan taikwando. A sakandaren Mountain View ya haɗu da koci Tate Metcalf, wanda ya riƙe shi tamkar ɗansa. A 2006 ya zama zakaran makarantun jiharsu a tseren mita 400 da dogon tsalle. Duk da haka jami'o'i kaɗan ne suka neme shi, domin a kowane ɗaya daga cikin wasannin biyu akwai yaran da suka fi shi a faɗin Amurka.

A nan idon malami ya yi aiki. Metcalf ya lura yaron yana da gudu, yana da tsalle, kuma duk abin da aka nuna masa yakan ɗauka nan take. Sai ya ba shi shawarar ya nemi jami'ar da ke koyar da gasar wasanni goma. Eaton bai ma san mece ce ba. Haka ya shiga Jami'ar Oregon da ke garin Eugene, bai iya jifan faifai ba, bai iya mashi ba, bai iya sanda ba.

SHEKARUN JAMI'A

Koci Dan Steele ne ya ɗora shi a hanya. Cikin shekara 2 ya haura maki 8,000. Ya ci gasar goma ta jami'o'in Amurka sau 3 a jere, 2008, 2009 da 2010. Amma ba kullum ake kwana a gado ba. A gasar zaɓen masu zuwa Olamfik na Bejin a 2008 ya zo na 5, mutum 3 ake ɗauka, ya zauna a gida. A gasar duniya ta Balin a 2009 ya zo na 18.

A ƙarshen 2009 aka kawo wani dattijon koci mai suna Harry Marra, wanda ya shafe shekaru yana horar da 'yan gasar goma. Shi ya riƙe Eaton har ƙarshen wasansa. A watan Maris na 2010, yana ɗalibi, Eaton ya haɗa maki 6,499 a gasar bakwai, ya karya tarihin duniya na Dan O'Brien da ya shekara 17 ba a taɓa ba. A Fabrairun 2011 a birnin Tallinn ya kai shi 6,568. A Maris na 2012 a Istanbul ya kai shi 6,645, ya zama zakaran duniya na rufaffen fili. Wannan adadi ya haura shekara 10 ba wanda ya kamo shi.

A tsakanin nan ya sha wani darasi mai ɗaci. A gasar duniya ta Daegu a Koriya ta Kudu a 2011, shi ke gaba bayan rana ta farko. A rana ta biyu sanda da mashi suka ba shi kunya, har ya sauko na 3. Da kyar ya ƙwato azurfa a tseren ƙarshe, da tazarar maki 4 kacal tsakaninsa da Leonel Suarez na Kuba. Ɗan ƙasarsu Trey Hardee ya ci zinare. Eaton ya fi Hardee gudu, ya fi shi tsalle, amma Hardee ya fi shi natsuwa da iya jifa. A wannan gasa baiwa kaɗai ba ta isa.

KWANA BIYU A EUGENE

Ranakun 22 da 23 ga Yuni, 2012, aka yi gasar zaɓen masu zuwa Olamfik na Landan a filin Hayward, filin jami'arsa. Shekara 100 ke nan cif da nasarar Jim Thorpe, don haka aka gayyato tsofaffin zakarun Amurka, har da Milt Campbell da Rafer Johnson da Dan O'Brien, suna zaune suna kallo.

Sama ta yi ta zuba, fili ya jiƙe sharkaf. A cikin wannan hali Eaton ya yi mita 100 a sakan 10.21, gudun da ba a taɓa yi a cikin gasar goma ba kafin ranar. Ya juya ya yi dogon tsalle na mita 8.23, shi ma ba a taɓa yi ba. Don mai karatu ya gane girman wannan tsalle, Yusuf Alli, gwanin dogon tsalle na Najeriya wanda wannan ne kaɗai aikinsa, mita 8.27 ya yi a Legas a 1989 ya kafa tarihin ƙasa. Santimita 4 ne tsakaninsu, shi kuwa Eaton saura wasa 8 a gabansa.

Ya jefa dalma mita 14.20, ya tsallake mita 2.05, ya yi mita 400 a sakan 46.70 ana ruwa. A rana ta biyu ya yi shingaye a 13.70, faifai mita 42.81, sanda mita 5.30, mashi mita 58.87. Da aka yi lissafi sai aka ga in yana son ya karya tarihin Sebrle, dole ya rage sama da sakan 2 daga mafi kyawun gudun mita 1,500 da ya taɓa yi, bayan wasa 9 sun cinye masa ƙafa.

Abokan karawarsa biyu, Curtis Beach da Joe Detmer, waɗanda suka fi shi iya dogon gudu, suka shige gaba yana bin sawunsu. Da aka zo mitocin ƙarshe, Beach, wanda ke kan gaba, sai ya rage gudu ya kauce gefe yana ɗaga masa hannu, don Eaton ya tsallake layi shi ne na farko a ranar da zai kafa tarihi. Agogo ya tsaya a minti 4 da sakan 14.48. Jimilla maki 9,039. Ya wuce Sebrle da maki 13.

Abin da Beach ya yi ba baƙo ba ne a wannan gasa. Al'adarsu ce in an gama tseren ƙarshe, na ɗaya da na ƙarshe duk su riƙe hannun juna su zagaya fili tare, su rusuna wa 'yan kallo. Wanda ya kwana 2 yana shan wahala tare da kai ya zama ɗan uwa.

LANDAN, MOSKO, BEJIN DA RIYO

Bayan mako 7 ya ci zinaren Olamfik a Landan da maki 8,869, Hardee na biye da shi. A watan Yulin 2013 ya auri Brianne Theisen, 'yar Kanada mai gasar bakwai, wadda suka yi jami'a tare kuma kocinsu ɗaya. Wata guda bayan biki ya ci gasar duniya a Mosko da maki 8,809.

A 2014 ya ci gasar bakwai ta duniya a Sopot ta ƙasar Foland, sannan ya yi wani abu da ya ba mutane mamaki. Ya ajiye gasar goma na tsawon shekarar don jiki da ƙwaƙwalwa su huta, ya koma tseren mita 400 na shingaye, wasan da ba ya cikin goman. Nan ma ya kai sakan 48.69, yana kayar da waɗanda sana'arsu ke nan.

Amfanin wannan hutu ya fito a gasar duniya ta Bejin a watan Agustan 2015. Shekara 2 bai yi cikakkiyar gasar goma ba, amma a daren farko ya yi mita 400 a sakan 45.00 daidai, ya goge tarihin da Bill Toomey ya kafa tun 1968. A tseren ƙarshe wani ɗan Afirka ne ya ja shi, Larbi Bourrada na Aljeriya, wanda ya shige gaba Eaton na bin sa. Eaton ya gama a minti 4 da sakan 17.52, ya faɗi ƙasa warwas. Maki 9,045, ya karya tarihin kansa da maki 6. Shi ma Bourrada ya kafa tarihin Afirka a ranar da maki 8,461, ya ƙara shi zuwa 8,521 a shekara mai bi. Hukumar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ta zaɓi Eaton gwarzon shekarar 2015.

A Maris na 2016 aka kawo gasar duniya ta rufaffen fili garin haihuwarsa, Portland. Shi ya ci zinare, matarsa ma ta ci nata zinaren a gasar biyar ta mata. A Riyo a watan Agusta wani matashi ɗan Faransa, Kevin Mayer, ya matsa masa lamba har tseren ƙarshe. Eaton ya tsira da tazarar maki 59, ya haɗa 8,893, daidai da tarihin Olamfik. Ya zama mutum na 3 da ya ci gasar sau 2 a jere, bayan Mathias da Ayodele Thompson. Brianne ta ci tagulla.

A watan Janairun 2017, yana dab da cika shekara 29, shi da matarsa suka sanar da ajiye wasa a rana ɗaya. Ba rauni ne ya kore shi ba, ba kuma kaye ba. Ya bayyana cewa ya ba wasan duk abin da yake da shi, ya tafi neman wani ilimin da wani aikin. Gaba da gabanta: a watan Satumban 2018 wannan Mayer ɗin ya haɗa maki 9,126 a garin Talence na Faransa, ya karɓe tarihin.

TO MU FA?

Najeriya ba baƙuwa ba ce a waɗannan wasanni. Zinaren Olamfik na farko da wani ɗan ƙasar nan ya ci shi kaɗai, Chioma Ajunwa ce ta ci a dogon tsalle a 1996, da mita 7.12, kuma kafin nan 'yar ƙwallo ce a tawagar mata ta ƙasa. A watan Yulin 2022 Tobi Amusan, 'yar Ijebu-Ode, ta kafa tarihin duniya a mita 100 na shingaye da sakan 12.12, a filin Hayward na Eugene, wurin da Eaton ya yi nasa, bayan an sake gina filin. Ita ma ta hanyar gurbin karatu a wata jami'a ta jihar Texas ta fita. A gasar bakwai, Uhunoma Osazuwa ta wakilci Najeriya a Landan da Riyo, ta kuma ci zinare a wasannin Afirka na 2015 a Brazzaville. A duniya kuwa Nafissatou Thiam ta Beljiyam, wadda mahaifinta ɗan Senegal ne, ta ci gasar bakwai a Olamfik 3 a jere, 2016, 2021 da 2024.

Garin da muke zaune ma yana da nasa tarihin. An buɗe filin Liberty a 1960. A cikinsa Dick Tiger ya doke Gene Fullmer na Amurka ranar 10 ga Agusta, 1963, ya riƙe kambunsa na damben duniya. Ibadan ta karɓi bikin wasanni na ƙasa a 1979. A 1988 aka buɗe filin Lekan Salami na Adamasingba, wanda yaron Sabo zai taka da ƙafa ya je ya dawo.

Mu kanmu ba a bar mu a baya ba wajen ƙarfin jiki. Mu ke da dambe, mu ke da kokawa da langa. Sunan Shago, wanda Ɗan Anace ya waƙe, har yau yana bakin mutane. A Nijar gasar takobin kokawa tana tsayar da ƙasa cak tun 1975. Tun da aka kafa Sabo a 1916 iyayenmu ke bin shanu da ɗaukar huhun goro, kuma jikokinsu ne ke dakon kaya a Bodija da kora dabbobi a Akinyele. Yaron da ke yin wannan aiki yana da ƙafa, yana da ƙirji, yana da juriya. Abin da ya rasa shi ne wanda zai riƙe agogo ya auna gudunsa, ya miƙa awo ya auna tsallensa, ya ce masa ga abin da Allah Ya hore maka.

Gaskiya ne wasu daga cikin goman suna cin kuɗi. Sandar tsalle da katifarta ba abin da unguwa za ta saya ba ne, kuma Eaton ya taso ne a ƙasar da makarantun gwamnati ke da fili da koci da kayan aiki. Amma gudu da dogon tsalle, waɗanda da su ya fara, ba sa bukatar komai sai fili da yashi da malami mai lura. Kuma abin da ya ɗauke shi daga Bend zuwa Eugene takardar sakandare ce. Da bai gama makaranta ba, da ba jami'ar da za ta buɗe masa ƙofa, komai saurinsa.

Wannan shi ne abin da ya kamata iyaye su duba. Yara da yawa sun bar aji saboda mafarkin ƙwallon Turai, wasu iyayen sun sayar da kadara sun bai wa dillalan bogi, yaro ya ƙare ba karatu ba ƙwallo. Hanyar guje-guje da tsalle-tsalle ta bambanta, domin sakamakonta lamba ce da ba ta bukatar ubangida: agogo ba ya tambayar yarenka ko jihar da kakanka ya fito. Ga mu da muka san zafin a tambaye mu takardar asali a garin da aka haife mu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ƙofarta ta fi buɗuwa ga wanda ya riƙe littafinsa.

Shawararmu ga iyaye: in makarantar ɗanka za ta yi wasannin gidaje na shekara, kada ka hana shi, ka ma je ka gani da idonka. In ya yi fice, ka nemi malamin motsa jiki ka ji ta bakinsa. 'Ya'ya mata ma suna da rabo, akwai suturar wasa mai rufe jiki, kuma kula da mutuncinsu hakkinmu ne duka. Ga matasanmu masu zuwa Adamasingba buga ƙwallo, ku riƙa leƙa ɓangaren masu gudu, ku tambaya, ku gwada. Ga malaman Islamiyya da na boko da masu hali a cikinmu, agogon auna gudu da awon tsalle ba su kai kuɗin ragon suna ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Duk wanda ya san wani ɗan Sabo, na da ko na yanzu, da ya taɓa wakiltar makaranta ko jiha a gudu, tsalle ko jifa, muna roƙo ya sanar da shugabannin ƙungiya, domin mu tattara tarihin namu kafin dattawan da suka sani su ƙare.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba su lafiya da ilimi mai amfani, Ya zaunar da Sabo da Ibadan da Najeriya lafiya. Amin.

Sakataren Ƙungiya,
Sabo, Ibadan.